Rafin Bayan Bango

Shekarar da aka kai ni gidan miji, an riga an datse gulbi a Bakolori, ruwa ya taru ya zama tafki. Ni 'yar Bakura ce, 'yar gidan malamai, na tashi cikin warin tawada da hayaƙin kara. Sai ga ni a gidajen ma'aikatan ruwa da ke gefen Talata Mafara, gida mai rufin kwano da famfo da tagogin gilashi. Mijina yana cikin masu kula da hanyoyin siminti da ke kai ruwa gonaki. Da sassafe zai hau babur, ba zan sake ganinsa ba sai rana ta yi ja, wani lokaci ma ya kwana biyu a wajen aiki. Gidan ya yi mini yawa. Nakan share shi sau uku a yini don kawai in ji motsi.

Abin da ya fi ɗaure mini kai a gidan shi ne masai a cikin ɗaki. Farin tangaran ne fes, ya fi kwanon da muke ajiye wa baƙo kyau, a bayansa kuma ga ɗan tanki mai murfi da hannu. In an danna hannun sai ruwa ya zubo da ƙarfi ya wanke, tankin ya sake cika, ya yi shiru. Haka dai aka ce mini yana yi. Namu bai san shiru ba. Tun ranar da na tare na iske wani siririn ruwa yana gangarowa cikin kwanon, ba ya tsayawa, yana ɗan guna-guninsa shi kaɗai. Mijina ya ce zai turo mai gyara. Mutumin da ke buɗe wa gonakin jama'a ruwa ya rufe a kan lokaci, na cikin ɗakinsa ya kasa tunawa da shi.

Wata biyu da tarewata ya ɗauko mahaifiyarsa. Ƙauyensu yana can wajen Maradun, a bakin gulbi, kuma yana cikin waɗanda tafkin ya shanye. An mayar da mutanen wani tudu mai duwatsu, aka yanka musu filaye. Inna tana zaune can ita kaɗai a ɗaki guda, ga yanar ido ta rufe mata gani, ba ta ganin komai sai haske da duhu. Da labari ya zo cewa ta faɗi a hanyar rijiya ta kwana biyu ba ta tashi ba, sai ya je ya taho da ita da sunan za a duba mata ido a asibiti.

Shi ɗan fari ne. Ba ta kiran sunansa, ba ta juyo da fuska wajensa, in ya gaishe ta amsar ba ta wuce kalma biyu. Don haka ya same ni a madafa ya ce, "Ke za ki riƙe ta. Ni ba ni da bakin roƙonta. In ta koma tudun can, wata rana gawarta za a kira mu mu ɗauka."

Ko bai ce ba ina so ta zauna. Uwata ta rasu ina goye, ban san hannun uwa a kaina ba, kuma ranar farko da tsohuwar nan ta shafa fuskata don ta san kamannina, na ji wani abu ya kwance a ƙirjina. Amma tun a bakin ƙofa ta faɗa wa iska, ba shi ba, cewa kwana uku za ta yi.

Mun ɓoye mata masan. Mun san in ta ji akwai irin wannan wuri a ƙarƙashin rufi ɗaya da inda ake salla, ko kwana ɗaya ba za ta ƙara ba. Akwai salga a kusurwar tsakar gida, wadda wanda ya zauna kafin mu ya haƙa, ina jin shi ma tsohuwa gare shi. Muka ja ƙofar ɗakin tangaran muka rufe, mu ma muka koma amfani da salgar.

Rana ta biyu bayan azahar na shimfiɗa mata tabarma a inuwar bango, na zauna gefe ina tsintar shinkafa. Ban lura ba ashe bangon masan ne, kuma a samansa akwai bulo mai huji-huji don shan iska. Can sai ta ɗaga hannu.

"Ɗiyata, saurara. Ashe gidan ga bakin rahi shike?"

Amsar tana bakina. Amma ta yaya amaryar wata biyu za ta buɗe baki ta ce wa uwar mijinta, a'a Inna, masai ne? A gidanmu ko sunan wurin ba a faɗa gaban manya, sai dai a ce an kewaya. Na sunkuyar da kai na ci gaba da tsinta. Ita kuwa ta ɗauki shiruna a matsayin amsa.

"Na hwaɗi," in ji ta. "Wanga ba ruwan siminti ba na. Wancan da anka yi ma gonaki ba shi da murya, wucewa kawai shikai awa baƙo. Wanga kau bisa dutse shika zuba."

Ta jingina da bangon ta miƙe ƙafafu. Kwana uku suka cika ba ta yi zancen tafiya ba. Mako ya zagayo, likita ya duba ido ya ce yanar ba ta nuna ba tukuna, a dawo bayan damina. Na jira in ji ta ce to, a kai ta mota. Sai ta ce in samo mata auduga da mazari, hannunta ya gaji da zama.

Daga nan kwanakinmu suka zama iri ɗaya, har ba na iya raba su yanzu. Zafin bazara ya sauka, kwanon rufi yana ƙas-ƙas, kurciya tana kuka a kan dalbejiyar maƙwabta, mazari yana juyawa a kan 'yar fata, ruwa yana zuba a bayan bango. Inna tana karanta shi kamar yadda mahaifina ke karanta allo. Da hantsi, lokacin da babban tankin unguwa yake cike, sai ta ce rafin ya kwana da ƙarfinsa. Wajen la'asar in ya yi siriri sai ta ce rana ta sha rabonta. Wata rana na shiga wanke wurin na manta na danna hannun, ruwa ya zubo da rugugi. Na fito da sauri. Na same ta ta ajiye mazari.

"Sun sako ruwa daga sama," ta ce. "Allah shi sa babu ɗiyan kowa ciki."

Na ce amin, da zuciya ɗaya kuwa.

A gindin bangon nan ta gina mini ƙauyensu gida-gida. Ba labari take bayarwa irin na tatsuniya ba, zagayawa take yi da ni. Mu fito ta ƙofar gidan liman, mu bi ta gindin tsamiyar da mata ke hutawa in sun ɗauko ruwa, mu gangara ta cikin fadamun albasa da taba, ƙasa tana sanyi a tafin ƙafa. Ga mashaya inda shanun Fulani ke sauka. Ga wani faffaɗan dutse da aka yi ta wanki a kansa har ya yi sulɓi. Ga masu fito da manyan gorunansu, mutum ya ɗora ƙirji a kan gora, kayansa a ka, a tura shi har wancan ƙetare. Ta ce da rani gulbin yakan janye ya bar yashi fari, ka tona da hannu kamu ɗaya ruwa ya tsattsafo, mai daɗi, ba ya bukatar tacewa. Ta ce ita a bakin ruwan aka fara ganinta aka ce ana so, tana wanke gero, zanenta ya jiƙe har gwiwa.

Ni nakan lumshe ido. Zafi da muryarta da ƙarar ruwan sai su narke su zama abu ɗaya, tiren shinkafa ya yi nauyi a cinyata. Ni na san abin da ke bayan bangon nan, ni nake durƙusawa in goge shi da toka. Duk da haka ina ganin rafin. Ina ganin inuwar ganye tana rawa a kansa, da ƙananan kifaye tsaye a wuri ɗaya suna fuskantar inda ruwa ke fitowa. Akwai ranar da na tara kayan wanki, na kama kaina ina tunanin gara in kai su can bayan gida inda ruwa ke gudu. Na tsaya da kayan a hannu ina yi wa kaina dariya, amma dariyar ba ta yi nisa ba.

Sau ɗaya ta ce in kama hannunta mu je ta sa ƙafa. Na ce akwai gangare, ga santsi, a bari sai an gyara idon. Wannan ce ƙaryata ta farko da baki, sauran duk shiru ne. Ta ce ba komai, jin sa ma ya ishe ta.

Abin da ya rufe mini hanyar faɗin gaskiya gaba ɗaya ya faru wata Juma'a. Ta idar da salla ta dawo wurinta, ba ta ko ɗauki mazari ba. Sannan ta ce mijinta da 'ya'yanta biyu suna can ƙarƙashin tafkin, maƙabartar ma ruwa ya hau kanta, ba wanda zai sake sanin inda suke.

"Amma ruwa dut ɗaya na," ta ce. "Wa ya sani ko wanga ta kansu yab biyo."

Ta ɗaga hannu ta roƙa musu gafara ɗaya bayan ɗaya, fuskarta a jikin bango. Na shafa tare da ita. Daga ranar na san ko za a yanka ni ba zan iya gaya mata wurin da take jingina ba.

Mijina bai san komai ba. Yana ganin uwarsa ta yi ƙiba, ta daina zancen tudu, sai ya ɗauka tuwona ne. Na bar shi a haka, don yabo ba ya yi mini ɗaci. A ƙarshe dai ya tuna ya turo mai gyaran famfo, wani dattijo Bamafare mai keke da jakar buhu. Sau biyu yana sallama a ƙofa, sau biyu ina ce masa maigida ba ya nan. Gaskiya na faɗa, kuma ba namijin da zai shiga gidan matar aure mijinta ba ya nan. Sai dai ni na san ranakun da nake ce wa dattijon ya dawo, ranakun da maigida ba ya gida ne.

Muna cikin wata na uku da zuwan Inna matar maƙwabcinmu ta haihu. Gidaje huɗu ne muke shan tanki ɗaya, wanda inji ke cikawa sau ɗaya da safe. Da ma ana ƙorafin ruwa yana ƙarewa da wuri, ba wanda ya san dalili. Gidanmu ne a gangare, shi ke shanye na ƙarshe, don haka famfon kowa zai ƙafe namu yana ta zuba. Yanzu ga mai jego, wanka safe da yamma da tafasasshen ruwa tukunya guda, har kwana arba'in. Na yamma ya fara gagara. Gwaggonta, tsohuwa mai ciwon baya, ita ke ɗaukar bokiti zuwa hanyar ruwan gona ta dawo tana haki. Wata yamma ma ba a yi wankan ba sam, aka ce ƙafafun mai jegon sun fara kumbura.

Inna da ta ji ta ce, "Mi ag gare su? Ki ce su zaka su ɗiba rahin ga mana. Ruwan Allah na."

Na ce to. Na shiga ɗaki na zauna bakin gado, na rasa inda zan sa kaina.

Dattijon ya bi bututu gida-gida har ya gano inda ruwan ke tafiya. Ya aiko gwaggon ta gaya mini, cikin ladabi, cewa gobe da hantsi zai zo, ko maigida yana nan ko ba ya nan, ya san dabarar da za a yi.

Da safe na raka Inna gidan mai jego, don ta ce ba ta yarda da yadda ake dafa ganyen wankan ba. Ina dawowa na ji ana ƙwanƙwasa tagar masan ta waje, ta bayan gida. Tagar tana sama, ba ya ganina ba na ganinsa, sai hularsa. Muka gaisa kamar muna zaure. Ina kwana, ina gajiya, ina zafi, ina maigida, ina tsohuwa, ina mutanen Bakura. Sai da muka gama tsaf ya miƙo sifana da wuƙa ta taga.

"Yau ke ta makanike, amarya. Ni baki nika ba ki, ke ki ba ni hannu. Duba ƙasa jikin bututu, akwai ɗan abin murɗawa. Rufe shi."

Na murɗa. Ya ce in ɗauke murfin tankin. Ban taɓa buɗe shi ba sai ranar. Na zaci zan ga ƙazanta, sai na ga ruwa garau, mai sanyi, ya cika har baki yana malala ta kan wani bututu da ke tsaye a tsakiya. A kan ruwan wata ƙwallo tana yawo, an ɗaure ta a bakin siririn ƙarfe.

"Mi kig gani?"

"Baba, na ga gora a kan gulbi."

Ya yi dariya har hularsa ta ɓace daga taga. Ya ce to wannan gorar ita ce mai gadi. In ruwa ya hau sai ta hau, ƙarfen ya tura wani ɗan toshi ya rufe bakin da ruwa ke shigowa. In ta hau ba ta rufe ba, robar bakin toshin ce ta mutu. Ya sa na zare wata ƙusa mai ƙafa biyu, na janye ƙarfen, na zaro toshin, ɗan abu kamar gaɓar yatsa. A bakinsa ga roba kamar maɓallin riga, ta taurare, ruwa ya ci rami a tsakiyarta. Na taɓa ta sai ta bar mini baƙi a yatsa. Na tsaya ina kallonta a tafin hannuna. Wannan ce duk rafin.

Ba shi da sabuwa. Ya ce in samo tsohon silifa in yanko daidai girmanta daga dunduniya. Na yanka sau uku kafin ya yarda, ina miƙa masa ta taga yana dawo mini da ita. Ta ukun ya ce, "Madalla. Da namiji kike da na raba jakar ga da ke." Na cusa ta, na mayar da toshin, na mayar da ƙusa. Ya ce in kama ƙarfen da hannu biyu in ɗan lanƙwasa shi ƙasa, kaɗan, don ƙwallon ta rufe tun ruwa bai kai bakin bututun ba.

A nan na tsaya. Ƙarfen yana hannuna, ba mai ganina. In na bar shi yadda yake, ko na sassauta abu kaɗan, zai riƙa ɗan zuba, ba da yawa ba, daidai kunnen tsohuwa. Na fi minti ina wannan tunanin. Ta kan katanga ina jin jaririyar tana kuka, da ƙarar bokitin gwaggo yana bugun ƙofa za ta fita. Na lanƙwasa shi yadda aka ce.

Na buɗe ruwa. Ya shigo da ƙarfi, ƙwallon ta fara hawa a hankali, ƙarar tana sirancewa, tana sirancewa, ta koma kamar numfashin mai barci. Sai ta ɗauke. Ban taɓa jin gidan haka ba. Na ji injin nesa a gonaki, na ji ƙuda a jikin gilashi. Dattijon ya sa mini albarka ya karɓi kayansa, na ji kekensa yana tafiya.

Ban ko goge hannu ba aka yi sallama, gwaggon ta rako Inna. Na kai ta tabarmarta. Ta zauna, ta jingina, ta laluba mazari. Ta ja zare sau ɗaya ta tsaya. Ta juya kunnen dama wajen bangon, ta juya na hagu. Na durƙusa gabanta ina jira.

"Ɗiyata."

"Na'am, Inna."

"Shi ma sun tare shi?"

Ba da faɗa ta tambaya ba, kamar mai tambayar ko an kira salla. Sai hawaye suka zubo mini. Ta ji numfashina ya canza, ta miƙo hannu tana lalube har ta kama nawa biyu. Ta ji su a jiƙe, da sanyi, har gwiwar hannu.

"Af, kin tahi kin gani ke nan. Bari kuka, ba laihinki ba na. Ke mi kika iyawa da su?"

Ta ɗaga tafukana ta shafa a fuskarta, goshi da idanu da kumatu, a hankali, har suka bushe.

Da yamma mai jego ta yi wankanta da ruwan famfo, har aka rage. Inna ba ta ci tuwo ba. Washegari ta ce in gaya wa mai gidan nan tana son ta je ta ga ɗakinta kafin ruwan sama ya sauka. Na roƙe ta da duk abin da na sani, na ce ido, na ce damina, na ce ni. Ta shafa kaina ta ce ni 'yar albarka ce, amma zaman ya isa. Ranar Talata, da kasuwa ta fara watsewa, mijina ya sa ta a motar Maradun, yana tambayata da ido me ya faru. Ban gaya masa ba sai bayan rasuwarta; a can tudun ta rasu, kafin yanar ta nuna.

Mun ƙara shekara shida a gidan nan. Robar da na yanka ba ta sake ɗiga ba ko sau ɗaya.